Ɓawon Gyaɗa Tsakanin Madubi da Bindiga

"To ina yaran, kumburin gyaɗa bai kashe su ba tukuna?"

"Suna nan garau, bawana. Kai fa, karnukan unguwarku ne suka ƙare ka fito kasuwa da farar safiya?"

Shekara talatin ke nan haka Apiyu da Banse suke gaisawa. Apiyu Bagurunse ne, waɗanda ake tsokana da cin kare, Banse kuwa ɗan ƙabilar Bissa, abokan wasansu da ake tsokana da cin gyaɗa, kuma a garin Po in aka ji waɗannan biyun suna zagin juna ba mai ko waiwayowa, don kakanninsu ma haka suka yi. Sai dai yau dariyar Apiyu iyakarta leɓe. Gobe da safe sabon shugaban gandun daji zai jera masu gadi irin su Apiyu ya gwada harbinsu a taki ɗari, wanda ya kuskure a sallame shi. Apiyu ya shekara ashirin da shida yana bin sawun ɓauna a dajin nan, amma tun bara idonsa na dama ya fara gani dishi-dishi, kuma ko matarsa bai gaya wa ba. Shi ya sa ya samo wani tsohon madubin hange, ya kawo wa Banse maƙeri ya ɗora masa a kan bindiga. Sai bayan ya kawo ya ji a gidan burkutu cewa Zure, ɗan ƙanwar Banse, shi ne na farko cikin masu jiran a kori wani su shiga. Tun daga ranar tuwo bai ƙara yi masa daɗi ba.

"Ina bindigata?"

"Na sayar, na sayi gyaɗa buhu biyu."

"Banse."

"To, na fasa sayarwa. Na dai toshe hancinta da ƙuliƙuli."

Banse ya jawo ta daga ƙarƙashin benci, naɗe cikin buhu. Apiyu ya warware, ya ɗaga ta sama yana dubawa. Haske na wucewa tsakanin faffaɗan bakin madubin da hancin bindigar! Kuma a cikin 'yar tazarar nan ga rabin ɓawon gyaɗa a maƙale.

"Wannan fa? Mene ne wannan?"

"Asiri ne. Duk ɓaunar da ka auna sai ta rikiɗe ta zama kare, ka samu na miya."

Ga inda wasan ya zama masifa. Abokin wasa ba a tsare shi a ce ya faɗi gaskiya, in ka matsa masa ma sai ya ƙara maka ƙarya. Apiyu ya ƙura wa fuskar Banse ido, bai ga komai ba sai toka da tsohon tabarau ɗaure da zare.

"Da na kawo ta madubin kwance yake a kan hanci, ko allura ba ta shiga. Wa ya ce ka ɗaga shi?"

"Ɗaurin nan da ka yi da robar taya? Wallahi na zaci akuya ka kawo mini."

"Ai ba ya motsi."

"Harbi nawa ka yi da shi?"

"Uku."

"Nawa ka samu?"

"Iska ce ta yi yawa rannan."

"Iska! Maƙwabcinka ya ce iskar ta huda masa rumbu." Banse ya karɓi bindigar ya kwantar a cinya. "Buɗe kunnenka, maci kare. In harsashi ya fita, hancin nan girgiza yake yi, kuma yana zafi. In madubi na zaune a kansa, kowane harbi mari yake sha, saitin ya kauce. In kuma ka ɗaga shi da yawa, kumatunka ya bar katakon bindigar, ka riƙa miƙa wuya kamar kaza na shan ruwa. Kaurin ɓawon gyaɗa ɗaya ake so. Ya shiga, ya fita, bai fashe ba."

Ya zare ɓawon, ya sake zurawa, ya zare. Sumul.

"Duk duniya a rasa ma'auni sai gyaɗa?"

"Da me kake so in auna, da haƙorin kare?"

Apiyu ya shafa zobba biyun da ke riƙe da madubin. "Waɗannan ba nawa ba ne."

"Naka gajeru ne kamar hankalinka. Waɗannan ni na ƙera, kwana biyu ina goga su."

Kwana biyu! Banse da ko fartanya ka kawo masa sai ta kwana wata guda a maƙera? Abin ya ƙara tsaya wa Apiyu a rai. Ya sassauta murya don kada masu wucewa su ji.

"An ce Zure na jiran gurbina."

Banse ya ajiye zarto. "Yana jira. Uwarsa ta zo nan sau biyu ta yi mini kuka."

"Ka ji ko!"

"Na ce mata ta kwantar da hankalinta, na riga na karkata madubin. Gobe shugaban naku za ka harba a ɗuwawu."

Ko murmushi bai yi ba da ya faɗa. Apiyu ya ji tsoro na gaske. In an kore shi, wace sana'a zai koya da furfura?

"Tashi mu je ramin marmara. A gabanka zan gwada."

"Mu je. Amma ni a bayanka zan tsaya, ina da iyali."

A tsohon ramin da ke bayan kasuwa Banse ya ƙirga taki ɗari, ya ɗora gwangwanin tumatir a kan suri, ya dawo. Daga inda yake, Apiyu ba ya ganin komai sai wani ɗan jan abu mai rawa. Ya kwanta rub da ciki, ya ɗora kumatu a katako, idonsa ya faɗa daidai madubin ba tare da ya miƙa wuya ba. Ga gwangwani tar, har tururuwar da ke hawa gefensa yana gani. Rabonsa da irin wannan gani tun kafin damunar bara.

Ya ja kunama. Gwangwani ya yi sama.

"Sa'a ce," in ji Banse. "Ko makaho yakan taka kuɗi a hanya."

Aka sake ɗorawa, ya sake tashi. Na uku ma haka, alhali hancin bindigar ya yi zafi har ba ya taɓuwa. Apiyu ya karɓi ɓawon ya zura da kansa, ya shiga ya fita.

"Da na leƙa a gida, zaren da ke cikin madubin biyu-biyu nake ganinsa. Me ka yi masa?"

"Akwai wani zobe ta wajen ido, ana murɗa shi daidai da idon mai shi. Na cire tabarauna na yi ta murɗawa har makaho irina ya gani. Na ce in ya yi mini, zai yi maka."

Apiyu ya tashi zaune a hankali. "Wa ya ce maka idona ya samu matsala?"

"Tun bara kake wucewa ta maƙera kana zagin ƙanena a madadina. Rannan kuma buhun gawayi ka tsaya ka tambaya lafiyar yara."

"Wa ka gaya wa?"

"Uwar Zure ta tambaye ni ko gaskiya ne idonka ya mutu. Na ce mata da safen nan ka hango ƙuda a kunnen giwa daga ƙetaren kogi." Banse ya kakkaɓe wandonsa. "Zure yaro ne, ya jira. Kai kuwa bawana ne, ni kaɗai ke da ikon wulaƙanta ka. In suka kore ka a gidana za ka tare, ni kuma kare ɗaya gare ni."

Kunya ta rufe Apiyu, idon nan mai dishi-dishi ya cika da ruwa. Ya laluba jakarsa ya fito da ƙullin soyayyar gyaɗa. Ya zo da ita ne don ya watsa wa Banse a fuska in zarginsa ya tabbata. Ya miƙa masa da hannu biyu.

"Na ajiye ta ne don in zuba a kabarinka. Amma ka ƙi mutuwa."

Banse ya fasa guda, ya jefa ƙwayar a baki, ya miƙa masa ɓawon. "Riƙe. Kowace safiya ka zura. Ranar da ya ƙi shiga, ka kawo ta wurin ubangidanka."

Apiyu ya sa ɓawon a aljihun ƙirji ya maɓalle.

"To, ubangida."

Banse ya daka tsalle har tabarau ya faɗi. "Jama'a! 'Yan kasuwa! Ku zo ku shaida, shekara talatin, yau ya faɗa da bakinsa!"

Apiyu ya saɓa bindigarsa yana dariya yana share ido.

"Iska ce ka ji," in ji shi.