Faifai Uku, Huda Ɗaya

Jama'a, ku taya ni murna, gwamnati ta sauke mini nauyin zama mutum. Jiya na tuƙa keke daga Maska zuwa Funtua karɓar takin zamani, masarata ta fara yin rawaya. Akawun ofishin, Malam Labo, ya ce babu manomi mai sunana.

Wai tsawa ce ta ƙona kwamfutar da aka sayo bara, wadda aka yanka mata sa biyu ranar buɗewa. Sunayen manoma dubu huɗu sun tafi.

Na ce, "Malam Labo, ba an ce kuna ajiye kwafi ba?"

Ya ce, "Har uku ma." Ya jawo fayil ya buɗe mini.

Ga faifan kwamfuta uku nan kuwa, tsaf. Mai Girma Uban Ofis, Allah ya ƙara masa basira, ya buga wa kowanne hatimi, ya danna biro ya sa hannu, ya huda su, ya zura musu igiyar fayil. A ofis ai abin da ba a huda ba bai zama na hukuma ba. Ko ɗaya ba ya karantuwa. Dariya ta kama ni har sai da na dafa tebur, alhali raina a ɓace yake.

Da na dawo na ba maƙwabciyata Marka labari, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba. Ta ce, "Ɗan nan, ni irin dawata wani na rumbu, wani na tulu cikin toka, wani na wurin ƙanena a Danja. Kafin ruwa ya sauka sai na jiƙa ƙwaya ashirin na ga ko za su tsiro. Su ba su taɓa gwadawa ba?"

To, manyan ofis, ranku ya daɗe, ga shawara kyauta. Ku raba kwafin gida-gida, ku sabunta shi duk Juma'a, ku riƙa sa shi a na'ura kuna gani ko sunayen za su fito. Abin huda takarda kuma a kulle shi.

Amma kada na yi wa Mai Girma ƙage. Labo ya raɗa mini cewa akwai kwafi na huɗu, a cikin kan Mai Girma yake, tsawa ba ta taɓa shi ba. Suna arba'in ya tuno, an kuma ba su taki tun shekaranjiya. Duk surukansa ne.

Yanzu dai ina bincike ko yana da 'yar da ba a sa wa rana ba.