Mai Ajiyar Yawu

Wani ne a garinmu Kiyawa, goro da alewa sun cinye masa haƙoran tauna, saura guda ɗaya tal, shi ma ya yi rami. Likita a Dutse ya ce cirewa za a yi. Mutumin ya ce a cire masa kunne ya fi.

Ran nan yana jin rediyo sai wani likita ya ce a cikin yawun mutum akwai wasu ƙananan sinadarai masu kashe ƙwayoyin cutar da ke cin haƙori, har masu bincike na ƙoƙarin haɗa irinsu su zama magani. Mu kuwa kun san halinmu, in muka ji rabin bayani mun zama likitoci. Ya kashe rediyo.

"Kai! Ashe magani nake tofarwa a bakin titi tun ina yaro!"

Ya rufe baki gam, ba tofarwa, ba haɗiyewa. Kumatu suka yi suntum.

Matarsa Zinariya ta ce, "Malam, me za a dafa?"

"Mmm."

"Wake ko tuwo?"

"Mmm!"

Ya fita, sai ga surukinsa Alhaji Barau a ƙofar gida. Mutumin ya cire takalmi, ya tsuguna. Alhaji ya jira gaisuwa har ya gaji.

"Kai, lafiya? Yau ni zan gaishe ka? To, ina kwana."

"Mmm."

"Ya iyali?"

"Mmm."

Alhaji ya ja da baya. "Innalillahi! Iska ta taɓa yaron nan. Ku kira Malam Ikrima!"

Malam ya zo ya shiga yi masa tofi a goshi. Mutumin ya ga ana ɓarnar magani a inda ba ya ciwo, takaici ya kama shi, ya fara nuna bakinsa yana gurnani.

"Kun ji aljanin ya motsa," in ji Malam. "Ku danne shi a ba shi rubutu."

Ƙarti suka danne shi, aka cusa cokali aka buɗe bakin da ƙarfi. Yawun da ya jima yana tarawa ya wanke wa Alhaji riga, haƙorin ya biyo baya ya faɗo kan tabarma.

Mutumin ya ɗauka, ya jujjuya, ya dubi jama'a.

"Kun ga aikin magani ko? Ya kori ƙwayoyin cutar har da gidansu."