Bahon da Ya Tona Asiri

"Lafiya lau, in ban da gonata da kika kashe."

Haka Kaka ya amsa gaisuwar jikarsa, ko ɗago kai bai yi ba. Yana tsugune a bakin kunya, ya tara matattun tsiron masara a gabansa. Kwana goma sha biyu da shuka, rabin gonar ta kwanta. Jikar tasa malamar gona ce, ita ta sayo masa irin, ƙananan buhuna biyu. Ɗaya ya rage a ɗaki, in shi ma ya bi ɗan'uwansa to bana ba abin da zai shiga rumbu. Tsohon a tsorace yake, amma ko za a yanka shi ba zai faɗa ba.

"Ni na kashe? Angona, tsufa ya fara taɓa maka kai."

"Amaryar banza, an aike ki sayen iri kin sayo gawa. Tun uwarki ba ta iya tafiya ba nake noman wurin nan."

"Shi ya sa ƙasar ta gaji da ganinka."

Ta tumɓuke tsiro ɗaya. Saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi kamar an dafa.

"Ruɓewar saiwa ce. Cutar a ƙasa take, ba a buhu ba. Sau nawa na ce ka canza shuka?"

"Na canza mana. Bara waken suya, bana masara, shekara takwas ina juya su."

"Ita kuma cutar duka biyun take ci, a wajenta duk kanwar ja ce. Amma irin da na kawo an shafe shi da magani, bai kamata…"

Maganar ta tsaya mata. Can gindin bishiya ta hango baho, cikinsa ya rine ja.

"Kaka, miƙo hannunka."

"Ba na miƙa wa mummuna hannu."

Ta kamo shi da kanta. Ƙarƙashin faratansa jawur.

"Lalle ka fara ƙunsawa da tsufanka?"

Ya fizge hannun. "Wanke shi na yi. Ina ganin iri ja na ce tsoho ne aka rina aka cuce ki, ke da ba wayo ya ishe ki ba."

"Jan nan shi ne maganin. Ka tuɓe wa iri rigarsa, ka tura shi tsirara cikin ƙasa mai laima."

Kaka ya ƙura wa jajayen faratansa ido. Ita kuma wasan ya fita daga muryarta.

"Ɗayan buhun fa?"

"Da safe na ɗebo ruwa, na kwance bakinsa."

"Ka zuba?"

Ya sosa gemu. "Gwiwar nan ta hana ni sunkuyawa."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta zauna a kan kunyar. "Yau dai tsufa ya yi rana. In ƙasa ta tsane mu shuka shi a kan tudu, da jansa. Kwarin nan da gonar take kuma a raba shi da masara da waken suya, ya ga baƙuwar fuska."

"Kamar yadda nake so a raba ni da taki fuskar?"

"Wa zai kwashe ka, mai wankin iri? Je ka wanke hannun nan da sabulu, tunda wanki ka iya."

Kaka ya yi dariya har da tari. Ya laluba aljihu ya miƙo mata makullin ɗaki.

"Ungo, ɓoye buhun inda ba zan gan shi ba. Bahon ma tafi da shi kyauta, ni da shi mun ɓata."