Yaƙin Ƙafa Ɗaya a Filin Gidan Magarya

Da sunan Allah mai tsayar da wanda ya so a kan ƙafa biyu, ya tsayar da zaɓaɓɓu a kan guda. Wannan tarihin sadauki ne ɗan sadauki, Jatau ɗan Barau jikan Cindo mai yatsa shida, tattaɓa-kunnen Gambo wanda ya bi jaki da gudu tun daga bakin kasuwa har jakin ya nemi sulhu. Jatau katangar gabas, guguwar bayan la'asar, ruwan langar Gidan Magarya da ba a taɓa kashewa ba! Ni Ilu nake faɗa, jikata tana rubutawa, don ban zauna a aji ba, kuma ban ga abin da na rasa ba. Mu goma sha biyu ne 'yan langar garin nan, goma sun riga mu gidan gaskiya. Jatau ne ruwa, wanda in ya kai masha an ci wasa, ni ne dokinsa mai bangaje duk wanda ya nufo shi.

Shekara talatin da ɗaya usur ɗin ƙungiyar ƙwallon garinmu yana rataye a wuyan Jatau, yana mulki da dokoki uku waɗanda ba a ɗaukaka ƙara a kansu: ɗan wasa ya cika ciki da tuwo kafin ya shiga fili, kada ya ɓata ƙarfinsa da wani miƙe-miƙe, kuma kada ruwa ya taɓa maƙogwaronsa sai an tashi, domin ruwa nauyi ne. Da waɗannan dokoki muka ci wasa huɗu, sauran kuwa alƙalai ne suka zalunce mu.

Sai ga fitina ta ɓullo daga birni a kan babur, sunanta Koci Munzali, ɗan garin nan ne da ya tafi ya karanto kimiyyar wasanni ya dawo da agogo a wuya da jarkar ruwa a bayansa. Ya ce a ɗumama jiki kafin gudu, a ci abinci awa uku kafin wasa, a sha ruwa ko ba a ji ƙishi ba. Ranar Laraba bayan la'asar ya jera 'yan wasa, ya ce kowa ya tsaya da ƙafa ɗaya ido a rufe, a auna daidaiton jikinsa. Ƙarti majiya ƙarfi suka riƙa zubewa kamar buhunan da aka jingina ba daidai ba, gwaninsu ya yi sakan ashirin.

Nan jinin Cindo ya tafasa. Jatau ya miƙe cikin babbar rigarsa, ya ɗaga usur sama, ya yi shela har awaki suka ɗago kai.

“Ƙafa ɗaya? A gabana? Kai Munzali, in ban cinye wannan gwaji naka da minti cur ba, usur ya zama naka!”

“Baba, a ɗan miƙe jijiya tukuna,” in ji Koci.

“Ubanka ma bai ce in miƙe ba!”

Aka yi da'ira. Masu rake suka bar rake, mai shayi ya bar wuta tana ci. Gwarzon ya kai hannu baya ya damƙi babban yatsan ƙafarsa ta hagu irin riƙon langa, ya kafa ta dama a ƙasa, ya rufe ido. Koci ya danna agogo. Ni kuwa na zauna a kan dutsen da ke bayansa daf da shi, inda doki ya saba tsayawa.

Jama'a, na ga yunwa, na ga ambaliyar da ta tafi da rumbunanmu, na kwanta asibiti sau biyu na fito da ƙafata, amma ban ga artabu irin na wannan minti ba. A sakan na biyar ƙasar Gidan Magarya ta yi tawaye ta fara karkata yamma. A na bakwai gwiwa ta aika wa ƙugu da takardar murabus. Rundunar ƙudaje ta kawo ɗauki ga abokan gaba, babban kwamandansu ya sauka a kan hancin sadauki ya kafa tuta. Jatau ya manta cewa langa da tsalle ake yin ta ido buɗe, tsayuwa cik cikin duhu wata masarauta ce dabam. Na ga katangar gabas tana tahowa kaina gaba ɗayanta.

To doki ba ya kallo a kashe ruwa. Na zura sandata ta ƙarƙashin babbar riga, na tokare shi a inda ya dace, na kafa gindinta a tsakanin ƙafafuna, na ɗaga kai ina kallon gajimare kamar mai lissafin damina. Shekarata saba'in da tara, amma na riƙe mutum mai nauyin buhun gero da rabi har sakan hamsin da uku.

“Minti ɗaya!” in ji Koci.

Fili ya kaure. “Ruwa ya sha! Ruwa ya sha!” Jatau ya buɗe ido yana huci, ya shaida wa duniya cewa a tsakiyar gumurzu ya ji hannun kakansa Cindo ya tallafe shi ta baya, har ya ji yatsa na shida. Na ce haƙiƙa, Cindo mutumin kirki ne.

Koci Munzali ya rubuta a takardarsa, ya tako a hankali, ya durƙusa a gabana da ladabi irin na 'ya'yan mutunci.

“Baba Ilu, ara mini sandar nan in ja layi.” Ya karɓa, ya juya. “Baba Jatau, saura ta hagu. Gwajin ƙafa biyu ne.”

Kaito! Shekara sittin ƙafar hagu tana rataye a hannu kamar amarya a kan doki, ba ta taɓa ɗaukar kowa ba. Aka kira ta fagen fama ba shiri. Sadaukin ya waiwayo ya dube ni, na dubi gajimare. Ya kama ta dama, ya rufe ido, ya kira sunan Cindo da ƙarfi. Cindo bai zo ba. Masu tarihi sun yi saɓani, wasu sun ce sakan uku, mai shayi ya ce biyu da rabi. Abin da aka haɗu a kai shi ne usur yana bakinsa lokacin da ya isa ƙasa, kuma busar da ta fita ita ce ta ƙarshe a mulkinsa.

Ya cire shi da hannunsa ya miƙa, don jikan Cindo ba ya karya alkawari. Koci ya karɓa da hannu biyu, sannan ya ce ƙungiya ba za ta yi wasa babu Baba a bakin fili ba, akwai babban muƙami da ke neman dattijo mai tsawa. Ya ɗauko jarka da kofi ya ajiye a gabansa.

Yau duk wanda ya bi ta filin da la'asar zai ga ruwan langar Gidan Magarya zaune a kan jarka, yana daka wa ƙarti tsawa su zo su sha tun bai saɓa musu ba, yana kuma gaya wa baƙi cewa shi ya kawo wannan tsari garin. Sandata kuwa har yanzu tana wurin Koci. Ya ce layin bai gama jawuwa ba.