A Kira Mini Nas Mai Digiri

Jama'a, jiya na je neman lafiya na dawo da ɗingishi, kuma bakina ne ya ja mini.

Zazzaɓi ne ya kayar da ni, na hau adaidaita daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa wani ƙaramin asibiti a Tarauni. Dama satin nan duk na ishi 'yan majalisarmu da yabon masu girma manyanmu, waɗanda suka ce karatun nas ya koma jami'a. Maƙwabcina Malam Sulaiman tela ya ce, "To Malam, su wa za su koyar da su?" Na ce ya ji da kekensa, wannan zancen 'yan boko ne.

A ɗakin allura na tarar da wata dattijuwa, Sista Safiya, tana fasa kwalbar magani. Na gyara zaman hula na ce, "Hajiya, ba raini ba, a ɗan kira mini mai digiri."

Ta leƙo ni ta saman tabarau. "Biyu aka taɓa kawo mana, Alhaji. Ɗaya tana Saudiyya, ɗaya tana Ingila. Wacce ta fi maka kusa?"

Na yi tari.

"Ni ma ɗaliba ce," in ji ta, tana zuƙo ruwan allura. "Shekarata ashirin da shida a aikin nan, aka ce ba ƙarin girma sai da digiri. Duk Asabar ina aji. Mu ɗari da tamanin, mutum-mutumin roba ɗaya muke koyo a kansa, shi ma hannunsa ya cire. Malamar da ke koya mana neman jijiya, a ɗakin nan na koya mata. Juya."

Na juya. Abin da ya fito daga bakina ba zai bugu a jarida ba. Har masu awon ciki sai da suka leƙo.

Ni fa har yanzu ban ga laifin masu girma ba, Allah ya ƙara musu lafiyar da ba a asibitinmu suke nema ba. Sun kafa kwamiti, kwamiti ya je ƙasar waje ya gano yadda ake yi, ya dawo aka yi taro a otal aka ci shinkafa. Malamai da kayan koyo ne kawai aka manta, kuma ɗan Adam ajizi ne. Karatun jami'a abu ne mai kyau. 'Yata Zahra'u ma shi take nema, shekara biyu ke nan tana cin jarrabawa ana cewa gurbi ya cika, tana gida tana gwada awon jini a hannuna.

A tsaye nake rubuta muku wannan. Allurar biyar ce, saura huɗu, kuma na bincika, duk satin nan Sista Safiya ce da aikin safe. Na yanke shawara, daga bakin ƙofa zan fara kiran ta Farfesa.