Gordon Kolombiya

Allah Ya albarkaci Unguwar Kanawa da manyan mutane, amma duk a bayan Alhaji Yahaya Bala suke tafiya. Shi ne shugaban Ƙungiyar Gyaran Tarbiyya, shi ne sakatarenta, in aka tsananta bincike kuma shi ne mambobinta. Mutum ne mai nauyi ta kowace fuska. Kujerun zaurensa shaida ne.

Babban aikin da ya yi wa al'umma shi ne hana kiɗa a unguwa. Ko turmi aka yi wa lugude sai ya aiko a rage. Da Husaina mai ɗinki ta zo roƙon a bar ta ta kira masu kalangu bikin 'yarta tilo, ta durƙusa har ƙasa, sai ya dube ta ta saman tabarau.

"Husaina, rawa aikin wanda ba shi da aiki ne. Mutum mai daraja ƙafarsa ba ta sanin ganga."

Ta tashi tana share ido, saura wata biyu biki.

Ana nan, a shekarar casa'in da huɗu, aka sa shi cikin tawagar duba noman shinkafa a Kolombiya. Har ya hau jirgi yana zaton wata unguwa ce a Amurka. Ya yi kwana goma sha biyu ya dawo. Shinkafa dai ba mu ji labarinta ba, amma ya dawo da sarauta.

"Baƙaƙen fata ne kamarmu," in ji shi, yana gyara hannun babbar riga. "Jikokin waɗanda aka kwasa daga nan. Suna wani bikin gargajiya a bakin teku, ina isa gari ya ɗauka: Bala! Bala! Wa ya gaya musu sunana? Daraja ba ta ɓuya. Nan take suka naɗa ni Gordo. Wato kamar Waziri a wajensu, ko ma sama kaɗan."

Aka tambaye shi ko an yi kiɗa. Ya ce an yi, amma shi yana gefe yana yi musu nasiha da ido.

Kafin mako ya zagayo, mai fenti ya rubuta a ƙofar gidansa: ALHAJI Y. BALA, GORDON KOLOMBIYA. Wanda ya ce masa Alhaji kawai, ba ya samun amsar gaisuwa. In ganga ta cika zaƙi, an san abin da ke biye.

Sai ga kaset ɗin bidiyo ya iso ta gidan waya, daga masu masaukinsa. Na'urar Alhaji ta ƙi karɓarsa. A duk unguwar ba mai irin wadda ke cin kaset ɗin waje sai Likita Bilkisu, wadda ta yi karatu shekara bakwai a Kuba, inda yarensu ɗaya da na Kolombiya. Alhaji bai tsaya ya fara gani shi kaɗai ba. Ya sa aka fito da talabijin tsakar gida bayan la'asar, aka shimfiɗa tabarmi, maza gaba, mu mata baya, har da liman a kujera.

Hoto ya fito. Gari ne na katako a bakin ruwa. Ga wani dattijo yana dukan jerin itace da sanduna biyu, amo na zuba kamar ruwan sama a kwano. Ga ganguna dogaye, ga mata da faffaɗan siket suna kaɗa gora mai tsakuwa suna waƙa. Maza kuwa kowa da farin hankici, in ya kaɗa wa mace sai ta fito fili su taka. Gaskiya abin ya yi kyau. Mu na baya har kafaɗu sun fara motsi.

Can sai ga Gordo a gefe, zufa ta jiƙa shi sharkaf. Ya zaro farin hankicinsa, ya kaɗa shi sau biyu don ya sha iska. Wata tsohuwa mai ɗankwali ja, wadda ba ta kai kafaɗarsa ba, ta amsa gayya. Ta cafko hannun rigar ta jawo shi tsakiyar fili.

Jama'ar cikin talabijin suka ɗauka da tafi, suna ta nanata kalma ɗaya.

"Kun ji ko?" in ji Alhaji. "Bala! To a tsaya nan, sauran ba shi da amfani."

Ba wanda ya tashi. A cikin talabijin, ƙafar da ba ta san ganga ba ta gane ta sarai. Alhaji ya tattare riga, ya karkace, ya girgiza, hula ta faɗi bai waiwaya ba. Tsohuwa ta gaji ta koma, shi bai gaji ba.

Liman ya yi gyaran murya. "Likita, ke da kika san yarensu, me suke faɗa?"

"Allah gafarta Malam, a bar maganar."

"A'a, faɗi."

"Ba Bala suke cewa ba, baila ne. Wato taka rawa."

"Gordo fa?"

Bilkisu ta sunkuyar da kai. "Mai tumbi."

Ganga na ta tashi a talabijin. Sai Husaina ta yi magana daga bayanmu, cikin ladabi ƙwarai.

"Ranka ya daɗe Gordo, masu kalangun nan, ƙarfe nawa za su zo?"

Laifi tudu ne. Alhaji ya nemi nasa ya rasa inda zai taka. Ya ce wai ai an ja shi ne, kuma baƙo ba ya ƙin al'adar masu gida. Liman ya ce haka ne, Husaina ma baƙi za ta yi.

An yi biki ranar Asabar, kalangu uku, har da sabon take da makaɗan suka ƙirƙiro, wanda duk unguwa ta san mai shi. Washegari mai fenti ya dawo ya shafe ƙofa.

Sarautar kuwa ba wanda ya ƙwace masa. Har yau in ya fito, tana gaba ta cika riga, yana biye.