Rasuwar Tsoho, Murhun Gas ɗin Inna

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ba ta san inda za ta sauke shi ba, Autan gidan nan yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar murhun gas ɗin mahaifiyarsa, wanda 'yan gida ke kira Tsoho. Ya cika ne da hantsin jiya, bayan doguwar jinya.

Marigayin ya girmi Auta. Bai taɓa kamawa da murɗawa ɗaya ba. Sai an danne makunninsa an riƙe, ya yi ta ƙyas, ƙyas, ƙyas, kamar dattijo mai gyaran murya, sannan ya ja numfashi ya ce fuu, shuɗiyar wuta ta kewaye. Inna ce ta san makamarsa. Duk ƙarshen mako takan tsokace ƙofofin wutarsa da allura, ta shafa wa tiyonsa kumfar sabulu ko yana yoyo.

Tun da aka kai Inna makwancinta, Auta ya gaji allurar. Shi da ya bar makaranta, ya bar gareji, ya bar shagon walda, ba inda ƙafarsa ta taɓa zama, sai ga shi kullum safiya tsaye a ƙofar kicin. Yakan bar Yaya, babbar 'yar Inna, ta kunna, shi ya juya baya. Muddin ƙyas-ƙyas ɗin nan na tashi, wadda ke tsaye a bayansa Inna ce, har sai wuta ta kama.

Ciwon ajali ya fara da rawayar wuta da baƙanta gindin tukunya. Daga baya tartsatsin ya raunana, aka koma taimaka masa da ashana. A makon nan warin gas ya kai har ɗakin yara. Mai gyara ya duba ya ce tsatsa ta cinye bututun ciki, kuma gidan da ke da yara ba a wasa da wannan. Yaya ta cire tiyo da hannunta. Auta bai hana ta ba.

Marigayin ya bar tukunyar gas ɗaya da sauran rabi a cikinta, da buta mai baƙin gindi, da sawun ƙafafunsa huɗu a kan siminti. Ya kuma bar Auta, wanda yau da safe ya ji ƙyas-ƙyas daga kicin, ya leƙa, ya tarar ba kowa.

Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da kurarsa gobe da hantsi ya ɗauki gawar. Ana roƙon masu rakiya kada su zo da taba ko ashana. Zaman makoki yana wurin Yaya. Masu son yi wa Auta gaisuwa su same shi kafin kura ta tashi, don zai raka ta har bakin titi, kuma jakar tafiyarsa na kafaɗa.